Mushe Kopto da Allurar Ƙwan Kaza

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da kunyar da na sha a unguwar Yantala, a gaban kusan duk ma'aikatan biro ɗinmu, wato ofishinmu. Kuma ba wanda ya ja mini ita, bakina ne.

Ƴan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Ina matashin komi, wato akawu, a Yamai, aikina rubuta takardu da buga hatimi, sai aka tura ni Faransa ƙaro ilimi na wata shida. A can na sauka gidan wata tsohuwa da ba ta cin nama, ba ta cin ƙwai, ba ta shan madara. Duk abin da ke numfashi, da duk abin da ya fito daga jikinsa, ta sallama shi. Abokan tafiyata sun dawo da rediyo da agogo, ni kuwa na dawo da aƙidar tsohuwa. (Ku sani fa, babana mahauci ne a Madawa, kakana ma haka. Da kuɗin tsire aka yi mini goyo.)

A gidan Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, nake zaune a Yantala. Ranar da na gaya mata na bar nama, sai ta ajiye muciya ta dube ni.

"Ɗan nan, ciwo aka ce kana da shi?"

"A'a Gwaggo, wayewa ce."

"To Allah ya sawwaƙe. Mu dai a gidanmu akuya muka sani da wannan wayewar."

Haka na koma cin dambu da wake da kopto, wato kwaɗon zogale kamar yadda Zabarmawa ke kiransa. Da a ce na ci abina na yi shiru, da ba komai. Amma ina! Duk wanda ya buɗe ƙunshin nama a biro sai na yi masa wa'azi da Faransanci. Ba a yi wata biyu ba aka laƙaba mini Mushe Kopto (mushen Faransanci fa, wato malam, ba na dabba ba), ni kuwa na ɗauke shi lambar girma. Gaskiyar magana, rabin wa'azin nan don Hadiza nake yi, mai buga mana keken rubutu, wadda nake so ta san ba irin sauran samari ba ne ni.

Da sanyin shekarar ya shigo, sai wata muguwar mura ta shiga gari, mai zuwa da masassara da ciwon gaɓoɓi, wadda ake ce wa girip. Tana kwantar da ƙato kamar an sare shi. Da shef ɗinmu, wato shugaban biro, ya ga kujeru sun fara zama babu kowa, sai ya roƙo aka ce za a turo mana majo, babban ma'aikacin gidan likita, ya yi wa kowa allurar rigakafi ranar Alhamis.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: ni da allura ba ma ga maciji. Ko tela na gani yana zura zare sai in kau da kai. Kwana biyu ina saƙa da warwara. In na karɓa, ƙila in yi ihu a gaban Hadiza. In na ƙi, me zan ce? Ana cikin haka sai na ji wani abokin aikinmu yana cewa ai a cikin ƙwan kaza ake sarrafa maganin. Wallahi ji na yi kamar an yi mini bushara da kujerar Makka. Ƙwai! Ga hujja ta zo har gida. (Sai daga baya na samu labari ita tsohuwar da na kwaikwaya ba ta taɓa ƙin tata allurar ba. Amma wa ya tambaye ta?)

Ranar Alhamis Majo Sumana ya zo, dattijo ne Bazabarme mai furfura, ya shimfiɗa kayansa a kan teburin shef, yana dafa allurai a wata ƴar tukunya. Aka yi layi. Hadiza ta miƙa hannu aka yi mata, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Da aka zo kaina sai na gyara karabat ɗin da na ɗaura a wuya, na ɗaga murya yadda har na waje za su ji.

"Majo, ka yi mini aikin gafara. Na ji da ƙwai ake yin maganin nan. Ni kuwa jikina ba maƙabartar dabbobi ba ne."

Majo ya dube ni ta saman tabarau, ya ce da Hausarsa ta ƴan Yamai, "Mushe, ƙwai ɗin da ke ciki ko ƙuda ba ya ƙoshi da shi. In ka ci ƙwai jikinka yana kumbura?"

"Ba ya kumbura. Magana ce ta aƙida."

"To. Wannan takalmi naka mai ƙyalli, da ganyen zogale aka ɗinka shi?"

Aka kwashe da dariya. Maimakon in yi shiru, sai na ƙara da cewa mai cin ganye jininsa tsarkakakke ne, girip ba ta kama irinmu. Har na ce su rubuta su ajiye. Majo ya ce, "Madalla. Mai bi masa."

Kwana tara na yi ina yawo da ƙirji a gaba. A na goma na tashi kamar an daka ni a turmi. Kai na sarawa, haƙora na kaɗawa, tari kamar ana fasa itace. Kwana huɗu ko ruwan koko ba ya zama a cikina. Gwaggo ta tsorata ƙwarai, har ta aika Madawa a gaya wa babana.

A rana ta biyar masassarar ta ɗan sake ni, sai yunwa ta taso mini irin wadda ban taɓa ji ba. Ina kwance a tsakar gida bisa tabarma da la'asar, sai wani ƙamshi ya bugi hancina. Gwaggo ta sa an yanka zakaranta, ta yi farfesu da citta da masoro da tafarnuwa. Ta ajiye kwanon kusa da kaina, ba ta ce mini ci ba.

"Na Malam ne," in ji ta, wato mijinta. "Kai bari in kwaɗa maka zogalenka."

Na ce bari in ɗan kurɓi romon kawai, ai romo ruwa ne. Daga romo na ce fiffike ba nama ba ne sosai. Daga fiffike ban san inda aka kwana ba. Na tashi zaune daga ni sai zanen Gwaggo da na ɗaura a ƙugu, na rungume kwano tsakanin ƙafafuna, maiƙo har gwiwar hannu, ƙasusuwa sun taru a gefe. Cinya na bakina na ɗaga murya:

"Gwaggo! Ina ƙundun? Kada ki ba Malam ƙundun nan!"

Ban ji sallama ba. Gwaggo ce ta amsa, ta kuma ce su shigo (har yau ina zarginta). Ina ɗaga kai sai ga shef, ga abokan aiki shida, ga Majo Sumana da jakarsa, ga Hadiza a gaba riƙe da kwano a rufe. An tashi daga aiki ne suka ce bari su zo duba ni. Duk wanda aka yi wa allurar nan garau yake.

Na rasa yadda zan yi da cinyar, in ciro ta ko in haɗiye. Sai na bar ta a inda take.

Hadiza ta durƙusa ta ajiye kwanonta, ta buɗe. "Kopto ne na kwaɗa maka da hannuna," ta ce a hankali. "Har Harobanda na sa aka ƙetare kogi da jirgi aka samo mai kyau. Amma na ga kamar an riga ni."

Majo ya leƙa tarin ƙasusuwan ya yi mini sannu da Zabarmanci, "Fofo, Mushe. Ƙwai ka ƙi, sai ka kama ubansa."

Shef ya juya baya yana tari, amma kafaɗunsa rawa suke yi. Gwaggo kuwa dariya har da zama a ƙasa.

Da a nan abin ya tsaya, da na gode Allah. Majo ya sa abin aunawarsa a ƙirjina ya saurara, ya ce murar ta sauka a huhu, in ba a yi maza ba za ta zama wani abu. Magani kuwa allura ce, kullum ɗaya har kwana bakwai, kuma ba a hannu ba. Aka kai ni ɗaki, baƙi na tsakar gida, tsakaninmu labule kawai. Na ce masa a raɗa, "Majo, don girman Allah, babu na haɗiya?"

"Wannan babu ƙwai a ciki," in ji shi. "Kwanta."

Ihun da na yi, an ce har masu ban ruwa a lambunan bakin kogi sun ɗaga kai. Kuma ba da Faransanci na yi shi ba. "Wayyo Inna!" na ce, da Hausar Madawa tsantsa.

Da na koma aiki ba wanda ya ce mini komai, sai dai duk wanda ya wuce teburina ya yi cara ƙasa-ƙasa. Hadiza ta auri wani ma'aikacin gidan waya, na kuma je ɗaurin auren na ci naman da aka raba. Shekarar da ta biyo ni ne na farko a layin Majo, na runtse ido na ce masa tsoro nake ji. Ya ce ai ya sani tun ranar farko. Kafin in gama salati har ya gama.

Abin da na koya shi ne, in tsoro kake ji ka ce tsoro kake ji, kada ka ɗinka masa babbar riga ka kira shi aƙida. Na guje wa allura ɗaya a hannu, na sha bakwai a mazaunai, da shaidu.