Saƙon Yanbu da Saƙon Kunfuda

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun farko da na samu bayan aurena, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. A shekarun sittin ne, ina aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Jidda, muna zaune a Ammariyya. Amaryata Sa'adiyya, ban da Makka da Madina, ba ta taɓa leƙa wani gari ba. Sai na bugi ƙirji na ce da hutun nan zan kai ta ta ga duniya, mu biyu rak. Don murna har sabuwar riga ta ɗinka.

Garuruwa biyu ne a raina, duk a bakin teku. Yanbu tana arewa, abokan aikina na yabon kifinta da dabinonta. Kunfuda kuwa tana kudu, an ce gero da riɗi a kasuwarta kamar ƙasar kakanninmu. Yau in kwana da wannan, gobe in tashi da waccan.

To ni ina da wata cuta (har yau ban warke ba): bakina bai iya ce wa babba a'a ba. Da Inna, mahaifiyata, ta ji maganar tafiya, ta ce, "Ai Yanbu za ku, ka gaishe mini da kawunka." Na ce, "To, Inna." Da na je gaida surukina, Bahaushen Sudan mai sayar da turare, wanda ko idonsa ba na iya kallo, ya ce, "Kunfuda za ku, halas, magana ta ƙare. Goggon yarinyar nan tana can, ba ta samu zuwa biki ba." Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba."

A lissafina, zan zaɓi ɗaya a tsanake, in ba ɗayan haƙuri daga baya. Ko da Sa'adiyya ta tambaye ni wai ina za mu ne, cewa na yi, "Bakin teku." Abin da na manta shi ne, a unguwarmu ba a tafiya hannu sake. Duk wanda ya ji za ka wani gari, yana da ɗan'uwa a can, kuma sai ya ba ka saƙo. Inna ta shaida wa matan unguwa, Baba ya shaida wa abokansa na masallaci.

Ranar tafiya da safe na buɗe ƙofa, na tarar da tsibin kaya biyu. A dama ga Inna da matanta, da ƙullin daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa da alhazai suka kawo daga gida, har da wata tsohuwa riƙe da kaji biyu. A hagu ga Baba da dattawansa, da turaren wuta, da yadi, da keken ɗinki guda sukutum.

Bayan an gaisa, Baba ya dubi kayan Inna ya ce, "Ma sha Allah, Hajiya, ashe ku ma kuna da mutane a Kunfuda?"

Inna ta ce, "Wace Kunfuda kuma, Alhaji? Yanbu dai."

Kowa ya juyo ya zuba mini ido. Sa'adiyya na bayan ƙofa da sabuwar rigarta, ina jin numfashinta. Baba ya gyara tsayuwa ya ce a hankali, "Ya waladi, ɗana, arewa za ku ko kudu?"

Jama'a, kun san amsar da na ba shi? Na durƙusa na ce, "To, Baba."

Wani dattijo ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Matan Inna suka rufe baki da mayafi. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige.

Saƙo amana ne, ba a mayar wa mai shi. Don haka manya suka yanke hukunci a tsaye, ba wanda ya nemi shawarata. Baba zai kai 'yarsa Kunfuda da kansa ta ga goggonta, ni kuma in kai kayan Inna Yanbu. "Yalla, maza," in ji Baba, "kada mota ta tashi."

Haka na yi tafiyar amarcina a bayan babbar mota, ni kaɗai, daddawa a cinya, kaji na tsattsagar ƙafata. Yanbu gari ne mai kyau, amma wallahi ban ji daɗin kifin ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rigar nan da aka ɗinka domina, goggo ce ta fara yaba ta.

Na koyi cewa a'a guda a kan kari ta fi "to" biyu sauƙin ɗauka, musamman idan ɗaya na da kaji. Mun tsufa yanzu, amma duk ran da Sa'adiyya ta roƙe ni wani abu na ce to, sai ta kalle ni ta ce, "Malam, na Yanbu ko na Kunfuda?"