Tiyub Ɗin Da Babu Iska

Ku matso ku ji wannan. Wani ne ya kamu da son rediyon nan da mutum ke haɗawa a gida ya riƙa hira da mutanen nesa. Ya sayi 'yar ƙarama, ya kafa ta a kan teburin gugar matarsa. Matsalar ita ce muryarsa ba ta wuce katanga. Iyakacin inda ta taɓa zuwa talabijin ɗin maƙwabci ne, shi ma sai da aka zo aka yi masa kashedi.

To surukinsa, mahaifin matar, tsohon injiniyan rediyo ne da ya yi ritaya. Yana da wata doguwar eriya a kan rufin gidansa, wadda mutumin namu ya fi shekara uku yana kallo yana haɗiyar yawu. Tsoho ya zana masa yadda ake haɗa amfilifaya, wato na'urar ƙara wa murya ƙarfi. Ya ce masa, "Ranar Asabar zan zo. In ta yi magana, eriyata ta zama taka. In ba ta yi ba, mijin ƙanwar matarka zan ba."

Mutumin nan kuwa a duniya babu wanda ya tsana kamar mijin ƙanwar matar tasa. Ya duƙufa. Ya ƙona yatsu huɗu da dalma, ya ƙona zanin guga, amma ya haɗa komai. Saura rami ɗaya a tsakiyar akwatin. Ya buga wa tsoho waya.

"Baba, saura ramin tsakiya."

"Wurin tiyub ke nan. Ka je ka zaɓo mai kyau. Wasu bawul suke ce masa. Ka gane ko?"

"Haba Baba! Tiyub da bawul ai ko jariri ya sani."

Bai gane komai ba, girman kai ne ya hana shi tambaya. Ya zauna ya yi nazari. Wa ke sayar da tiyub? Wa ke sayar da bawul? Ya miƙe ya nufi wurin mai faci a bakin titi.

"Sannu da aiki. Tiyub nake so, mai kyau."

Mai faci ya ce, "Na mota ko na babur?"

"Na rediyo."

Mai faci ya ajiye guduma ya dube shi. "Rediyon naka taya nawa gare shi?"

"Kai dai ba ni mai ƙarfi. Nesa nake son zuwa."

"Ah, tafiyar nesa ce? Ai sai na tirela."

"Da bawul?"

"Yallaɓai, ka taɓa ganin tiyub ba bawul?"

Mutumin namu ya ji daɗi, maganar Baba ta fito daidai. Aka cika masa tiyub ɗin tirela da iska, ya rataya a wuya ya kamo hanya. Da ƙyar ya shiga ƙofar gida, sai da ya karkace.

Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Baban yara, lafiya? Iyo za ka koya?"

"Tiyub ne na rediyo. Mahaifinki ya ce in zaɓo."

Ta dafa bango, dariya ta hana ta tsayuwa. "Wayyo cikina! Tiyub ɗin Baba ai na gilashi ne, kamar ƙwan lantarki. Ina yarinya na fasa masa ɗaya, sati guda bai yi mini magana ba."

Ya ce, "Na sani mana. Gwada ki nake yi in ga ko 'yar injiniya ce ke. Wannan na zama ne." Ya ajiye shi a falo ya hau kai, ya sulluɓe ta tsakiya.

Washegari ya nemi shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a can ƙarshen kasuwa. Shago ne da in ka shiga sai ka yi atishawa uku kafin ka yi sallama. Dattijo ya jawo durowa, sai ga tiyub na gilashi kwance reras, manya da ƙanana.

Mutumin namu ya gyara tsayuwa irin ta gwani. Ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa da farce kamar mai zaɓen kankana. Ya ɗauki wani ya girgiza a kunne. Ya shinshina na uku.

Dattijo ya ce, "Ɗana, ajiye. Ƙafa nawa kake nema?"

"Akwatin? Huɗu ne, amma ɗaya ta ɗan gaje."

"Ƙafar tiyub nake nufi, waɗannan alluran na ƙasa. Wuta nawa na'urarka ke ba shi?"

"Gwargwadon yadda aka kawo ta."

Dattijo ya yi ajiyar zuciya. "Wane iri dai kake so?"

"Wancan babban. So nake a ji ni har inda ba a son jina."

"Wancan in ka saka shi, unguwarku za ta ji ka, amma da motar kashe gobara. Ba ka zo da takarda ba?"

Ya zaro zanen surukinsa. Dattijo ya sa tabarau, ya ga lambar da aka rubuta a gefe, ya gyaɗa kai. Ya hau kan kujera ya sauko da wani ɗan kwali da ya yi ja don tsufa.

"Ka yi sa'a. Shi kaɗai ya rage a garin nan. Shekara arba'in yana cikin kwalinsa, ba a taɓa kunna shi ba."

Mutumin namu ya ɗaga shi a haske. "Baba, ai wannan ya ƙone. Dubi baƙi a kansa."

"Wannan tabon shi ne lafiyarsa. Ranar da ka ga ya yi fari, an gama."

Shi a kunnensa, an gama na nufin aiki ya kammala. Ya sake leƙawa. "To me ke cikinsa?"

"Ba komai. Ko iska babu, an zuƙe ta tas."

Ya biya, ya karɓa ya fito yana ƙunƙuni. "Ka ji tsohon nan! Tiyub ba iska, kuma ko kunya babu yake faɗa mini. Allah Ya sa na san inda ake gyara."

Bai tsaya ko'ina ba sai wurin mai faci.

"Ga na gaskiyar. Sacewa ya yi, shekara arba'in yana ajiye."

Mai faci ya jujjuya shi. "Ina bawul ɗin?"

"Shi kansa ne bawul ɗin."

"Ikon Allah!" Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya hango wani ɗan tsinin gilashi. "Ga bakin nan, toshewa ya yi." Ya sa filaya ya ɗan ƙwanƙwashe shi. Sai suka ji "fiiit!"

Mai faci ya ja da baya. "Ka ji? Ko famfo ban ɗauko ba, da kansa ya sha!"

"Ƙishirwa ce. Maza toshe kada ta fita."

Aka yanko faci aka manna. Kafin ya isa gida baƙin tabon nan ya koma fari fat. Ya soka tiyub a raminsa, ya rufe akwati, ya ce wa matarsa ta soma tunanin inda za a kafa eriya.

Asabar da hantsi tsohon surukin nasa ya iso. Ya zagaya akwatin, ya duba wayoyin baya, ya taɓe baki irin na wanda ba ya son yabo amma ya zama dole. "Ba laifi. Ashe kana da hannu. Kunna."

Aka kunna. Na'ura ta ce "fat!" Hayaƙi ya taso, ƙaurin roba ya cika ɗaki.

Tsoho ya buɗe murfi. Ya zaro tiyub, fari sol, ga faci a kansa. Ya daɗe yana kallo.

"Mene ne wannan?"

"Faci ne, Baba. Cutata aka so yi, aka ba ni shi ba iska, wai shekara arba'in yana cikin kwali. Ni kuwa na kai aka cika shi. Dubi yadda ya yi fari, an gama."

"An gama kam," in ji tsoho. Ya cire tabarau a hankali. "Shekara arba'in bawan Allah nan yana tsare kansa daga iska, sai da ya haɗu da ɗan..." Ya dubi 'yarsa, ya haɗiye sauran. Ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofa.

Mutumin namu ya bi shi da sauri. "Baba, to eriyar fa? Yaushe zan zo in kwance?"

Tsoho ya waiwayo ya miƙa masa tiyub ɗin. "Eriya aikinta kamo magana a iska. Kai da ka riga ka ɗure iskar a kwalba, ɓare facin ka kara kunne."