Malamar da Aka Ɗauko daga Ƙetare

Kai, Allah Ya yi wa jami'ar nan gata da Ya ba ta shugaba irin Yanzu-Na-Sauka. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ba a taɓa gaishe shi bai ce yanzu ya sauka daga jirgi ba. Bawan Allah ne mai kishin ilimi: takardun nan da ake liƙa wa jaka a filin jirgi, ko ɗaya bai taɓa ɓallewa ba. Agogon bango huɗu ne a ofishinsa, kowanne da lokacin wata ƙasa. Na garin kuwa, sai ya leƙo ya tambayi sakatariya.

Hikimarsa ta bana kan malamar cututtukan shuka ta faɗa. Shekara goma sha huɗu tana ajinta, sai ga takarda: an karɓe darasinta, za a ɗauko shi ta intanet daga wata babbar jami'ar ƙetare. In zango ya ƙare, ba aji, ba aiki. Hankalinta ya tashi ƙwarai, ga yara uku a gabanta.

Sau uku tana zuwa ofishinsa. A na ukun aka yi mata alfarmar minti biyu, idonsa na kan waya, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Malama, duniya ta wuce ku," in ji shi. "Ilimin da bai hau jirgi ba ɗanye ne."

Ta ce akwai abin da ya kamata ya sani game da darasin nan. Ya ce ta rubuto. Ta rubuto, takardar ta kwanta a tire.

Ranar ƙaddamar da sabon darasin babban ɗakin taro ya cika maƙil. Shi da kansa ya ba da umarni a zaunar da tsohuwar malamar a layin gaba da biro da takarda, ta ga yadda ake koyarwa. Ya yi minti arba'in yana lissafa ƙasashen da ya taka, sannan aka kunna majigi.

Sai ga Malama da kanta a jikin allo, tsugune cikin gonar gwaji ta bayan ɗakin kwanan ɗalibai, riƙe da ganye. Ai bara jami'ar ƙetaren ta nemo ta, ta ɗaukar musu darussan da wayarta, su kuma suka manna tambarinsu. Malama ta sunkuyar da kai, kunya da dariya suna cin ta lokaci guda.

Ɗaki ya ɗauki guna-guni. Gogan naku ya ɗauka mamakin ilimi ne ya kama yara, sai ya sa aka tsayar da hoton.

"Kun ga bambanci? Ku dubi natsuwa. Ku dubi ƙasar gonar ma, ba irin tamu ba ce."

A cikin hoton, can bayanta, tankin ruwan jami'arsa ne tsaye yana yoyo.

Nan take ya juya ga sakatariya, makirufo a bakinsa, ya ce a gayyato wannan masaniya: tikitin jirgi, masauki mai kyau, kuma shi da kansa zai tarbo ta. Sakatariya ta gyara tabarau, ta buɗe fayil a tsanake.

"Ranka ya daɗe, ga ta nan a gabanka da biro. Wacce zan fara miƙa mata, takardar gayyatar ko ta sallamar?"