Ranar da Na Wanke Tarihi da Bilic

Farkon zuwana Greensboro ta Amurka, wanki nake yi wa wata ƙungiyar wasan ƙwallon besbol. Wata safiya aka kawo kwalayen sababbin rigunan 'yan wasa. Ina buɗewa na gan su ruwan madara, ɗinki burum-burum, rubutu irin na zamanin kakanni.

Ni da na shekara goma ina sayar da gwanjo a Maraɗi za a yi wa wayo? Na shinshina wuya, na leƙa hammata, na kira abokin aikina.

"Malam Isufu, an cuce mu. Tsofaffi ne."

"Alhaji, ka tambayi manaja tukuna."

"Wa ya sani ko da shi aka haɗa baki?"

Na zuba su a inji, na tuttula bilic don asirin ya tonu. Suka fito fari fat, jajayen lambobin suka koɗe.

Manaja ya daɗe yana kallonsu. Ashe da gangan aka ɗinka su haka, don wasan tunawa da 'yan wasan zamanin da. Da ƙyar Isufu ya roƙa aka bar ni a aiki.

Labari ya bazu cikin 'yan uwanmu Hausawa. Har yau in na shiga masallaci, duk mai tsohuwar riga sai ya tattare ta ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, tawa ma ta tarihi ce."