Wayar Malam Shitu Ta San Gwiwarsa

Jiya da hantsi na tarar da maƙwabcina Malam Shitu, mai sayar da huluna da turare a bakin titi, zaune a matakalar hawa na huɗu yana haki. Liftar gininmu na unguwar Soundview ta yi sati bakwai a mace, shi kuwa a hawa na tara yake, ga gwiwar da likita ya ce a lallaɓa ta.

"Sannu Malam, jikin ne?"

Sai ya miƙo mini wayarsa. Tallan man zafi ne, har da tambaya: da alama kana hawan bene, yaya gwiwa?

"Ka ga ikon Allah," in ji shi. "Matata Habsatou da muka shekara talatin tare ba ta san inda nake tsayawa hutu ba. Wannan abu ya sani."

Jama'a, ai sai godiya. Kun tuna bara da Mai Girma Sarkin Yanke Ƙyalle ya zo da 'yan rakiyarsa ya buɗe mana intanet kyauta, ya ce daga yau talaka ba zai ƙara ganin tallan da bai dace da halinsa ba? Wallahi ya cika alkawari. Hitar ɗumama ɗaki ta mutu, kafin ka yi atishawa tallan bargo ya iso. Mutaru na hawa na biyu ɓera ya gani a kicin, sai ga tallan tarko har kala uku.

Gyara ne dai shiru. Sau biyar Malam Shitu yana aika koke ta wannan wayar, amsar mai kula da gyaran gidaje, Ranka-ya-daɗe Magajin Sai-Mun-Duba, guda ce: ba a iya tantance adireshinka ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ran Litinin gwiwar ta kumbura, ya kasa sauka, ganin likitan da ya jira wata biyu ya wuce shi. Ya buga wa asibitin, aka ce danna ɗaya, danna biyu, aka sa masa kiɗa.

Na riƙe shi muka ƙarasa sauran hawa biyar kamar masu hawan Dala. A bakin ƙofa ya dube ni.

"Bon, to ni wa zan kai wa ƙara? Wanda ya san inda nake ba ya gyara, mai gyara bai san inda nake ba."

Na ce kwantar da hankalinka Malam, zaɓe ya kusa. Masu neman ƙuri'a da ƙafarsu za su hawo har hawa tara su ƙwanƙwasa, suna kiran sunanka har da na kakanka.

A bar kaza cikin gashinta.