Kaset Na Farko Ya Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka rasa abin yi, ni Ashiru Mada, direban haya a hanyar Gusau zuwa Tsafe, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da fasinjojina na da da na yanzu rasuwar kaset ɗina, wanda aka fi sani da Na Farko. Ya cika ranar Talata da hantsi a cikin rikodar motata, daf da shiga Kwatarkwashi, yana da shekara talatin da shida. Ya rasu a bakin aiki, kamar yadda ya rayu.

An haifi marigayin a shekarar 1989 a ɗakin Malam Sama'ila, malamina a makarantar horon malamai wadda ban ƙarasa ba. Malam ya yi karatu a Ingila, ya dawo da takardar shaida guda ɗaya da akwati cike da faifan garmaho, duk na kiɗan rok ɗin nan mai dogon zango na shekarun saba'in, wanda waƙa ɗaya ke cin minti ashirin ba ta kai ga maganar da ta kawo ta ba. Kiɗa ne da ba ya tafiya a miƙe. Zai fara da sarewa, ya koma jita, ya tsaya cak, ya saka kukan tsuntsu ko ƙarar agogo, sannan ganga ta faɗo da wani taku da ƙafar mutum ba ta iya bi. Duk wanda aka jefa cikinsa kai tsaye, gudu yake yi. Malam ya ce laifin mai jefawa ne, don ba a yaye jariri da ganda.

Saboda haka ya zauna ya tace fayafayansa, ya kwafe zaɓaɓɓu a kaset uku, ya rubuta musu Na Farko, Na Biyu, Na Uku, ya ba ni a matsayin gudunmawar aurena da Rakiya. Wasu sun kawo gero, wasu tabarma, shi kuwa abin da ya kawo ke nan. Bai rubuta sunan makaɗi ko ɗaya a jikinsu ba, ya ce suna yana hana kunne aiki. Wata biyu bayan biki aka yi masa canjin wurin aiki zuwa nesa, a can kuma Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan Malam.

Marigayin mai sauƙin kai ne. Aikinsa a duniya shi ne karɓar baƙi. Waƙoƙinsa gajeru ne a ma'aunin danginsa, sarewa ta yi yawa, jitarsa ba ta da faɗa, kuma akwai amshin da mutum zai iya tafiya da shi gida. Bai taɓa tsorata baƙo ba. Ƙa'idata ita ce sai mutum ya yi tafiya bakwai da shi kafin in sa masa Na Biyu, inda ganga ke fara rashin kunya. Na Uku kuwa, waƙa ɗaya ce ta cinye gefe guda, kuma a tsawon shekarun nan mutum huɗu ne kawai suka kai ƙarshenta da hankalinsu a jikinsu.

Ya kasance mai kiyaye lokaci. Gefensa na farko minti arba'in da biyar ne, daidai Gusau zuwa Tsafe idan hanya ta yi kyau. In na tashi daga tasha, sarewa na shigowa ne a daidai lokacin da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana. In ta riga dutsen, ina nawa. In dutsen ya riga ta, na yi gudu, sai in sassauta ƙafa. Allurar gudun motata ta mutu tun tuni, ban taɓa jin rashinta ba.

Amma abin da za a fi tuna shi da shi yana gefe na biyu, na dawowa gida. A minti na goma sha biyu, ana cikin tiriri-riri na sarewa, sai komai ya ɗauke ɗif. Sai ka ji dum, dum, tas. Dum, dum, tas. Turmi ne da taɓarya, har da tafin nan da mai daka ke yi idan ta cilla taɓarya sama kafin ta cafe. Can nesa zakara ya yi cara. Minti guda cur ana haka, sannan jita ta dawo kamar ba abin da ya faru. Tunda kiɗan ya saba saka agogo da tsuntsaye, ban ga abin mamaki ba. Na yanke hukunci cewa Turawan sun zo ƙasar Hausa sun ɗauki dakan wata gwana, kuma haka na riƙa faɗa wa fasinja da ƙarfin murya, kamar da ni aka yi.

Wannan minti ɗaya shi ne ƙugiyar marigayin. Shaida a kan haka shi ne Alhaji Jibril, mai sayar da hatsi daga 'Yankuzo. Ranar da ya fara shiga motata, ba mu yi nisa ba ya ce, “Direba, wanga kiɗi na mi na? Ɗebe muna shi, kaina ka ciwo.” Na ce ya yi haƙuri kaɗan. Da turmi ya shigo sai ya ɗaga hannu ya ce, “Tsaya. Wagga mata ta iya daka. Maido muna baya.” Sau huɗu na mayar kafin Gusau. Tun daga ranar kujerar gaba ta zama tasa, kuma yana cikin mutum huɗun da suka gama Na Uku. Haka aka yi da malaman makaranta, da dillalan shanu, da wata ungozoma daga Bungudu da ta riƙa biyo motata zuwa Tsafe alhali ba ta da kowa a can.

A nan dole in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ɗaya ce marigayin ya kasa shawo kanta, ita ce matata Rakiya. In na sa shi a gida, za ta jure gefen farko tana tsintar wake. Da na juya gefe na biyu sai ta tuna ta bar tukunya a wuta, ko da kuwa ba a hura wuta ba. In tafiya ta kama mu, gara ta shiga motar wani. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi wa'azi. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, ba na ɓoyewa. Na shigar da rabin hanyar Tsafe cikin wannan kiɗa, amma wadda aka ba mu kyautar tare ta ƙi ko leƙawa. Burina a duniya, bayan cikawa da imani, shi ne Rakiya ta zauna ta ji gefe na biyu har ƙarshe.

Rashin lafiyar marigayin ta fara ne a bazarar bana, ranar da na manta shi a gaban mota rana ta dake shi tun daga azahar har la'asar. Laifina ne, na ɗauka. Daga nan muryarsa ta fara rawa. Sarewa ta koma wuuu-wuuu kamar mai mura, mawaƙin ya tsufa da shekara ashirin cikin mako guda. Zarensa ya tsinke sau biyu, na liƙe da jan farce, na naɗe da biro kamar yadda muka saba. Ranar Talata ya fara gefen farko lafiya. Muna hango dutse, maimakon sarewa sai na ji cir-cir-cir, sannan wani gurnani, sannan shiru. Na tsaya gefen hanya na zaro shi, zare na biyo shi kamar taliya. Na garzaya da shi wurin Isah mai gyaran rediyo a Gusau. Isah ya kwance shi, ya ɗaga zaren ya duba a hasken rana, ya ga ya narke ya manne da juna. Ya cire tabarau ya ce, “Malam Ashiru, sai haƙuri.”

Wajen shirya gawar ne muka zaro takardar da ke cikin gidansa, muka tarar a bayanta, a ninke, Malam Sama'ila ya jera sunayen waƙoƙin da ƙaramin rubutu. Shekara talatin da shida ban taɓa warware takardar ba. Ba zan kawo sunayen a wannan sanarwa ba, don girmama ra'ayin Malam. 'Yata Rufaida, wadda ke karatu a kwaleji, ta karɓi takardar ta ce duk suna cikin waya, in daina jimami.

Ranar Alhamis bayan la'asar muka zauna a zaurena, ni da Alhaji Jibril da Isah, Rufaida ta kunna mana gefe na biyu a wayarta. Murya tas, kamar an wanke. Muka gyara zama muna jiran minti na goma sha biyu. Ya zo, ya wuce. Sarewa ta ci gaba da abinta, babu turmi, babu tafi, babu zakara. Alhaji Jibril ya ce, “Wanga jabu na. Sun yanke wurin da yaf fi daɗi.” Rufaida ta nemo wani, shi ma babu. Ta nemo na uku, babu. Na fara faɗa ina cewa 'yan zamani ba su bar komai da albarkarsa ba, har turmi sun sace.

Sai muka ji gyaran murya daga bayan ƙofar zaure ta cikin gida. Rakiya ce.

“Malam, ku bar wahal da ɗiya. Turmina na.”

Na ce wane turmi?

“Ran da kak kawo shi, ka juya shi kat tahi tasha kab bar shi shina kuka cikin rikoda. Niz zo in kashe, ban iya ba, niy yi ta danne-danne hay yay yi shiru. Ashe jan maɓallin nid danna. Nic ci gaba da dakan hura ta. Da nig ga abin na juyawa, nic cire batir. Sai da kas sa shi washegari nij ji kaina ciki.”

Na ce to me ya hana ki faɗa?

“Ina amarya, na ɓata kyautar malaminka, mi za ni ce? Bayan nan kuma nij ji kana hwaɗa ma duniya Turawa na. In ƙaryata ka gaban hwasinja?”

Isah ya ɗauko gawar kaset ɗin ya nuna mini. 'Yan haƙoran nan biyu na sama, waɗanda ake karyawa don kada a ɗauki wata murya a kan kaset, Malam ya karya na Na Biyu da Na Uku, ya manta na Na Farko. Alhaji Jibril ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa kunya da murna suka haɗu suka lulluɓe ni. Shekara talatin da shida ina tsayar da mota ina cewa mutane su saurari wannan gwana, ina rantsuwa ba a yi mai daka irinta ba, ina dawowa gida ina fushi da ita don ta ƙi saurare.

Marigayin ya rasu ya bar ƙanne biyu, Na Biyu da Na Uku, waɗanda yanzu ba su da mai gabatar da su ga baƙi. Ya bar biro ɗaya da ya yi masa hidima, da kwalbar jan farce rabi, da rikodar mota wadda ake zargi amma iyali sun yafe mata. Ya bar almajiran kunne da ba su ƙidayuwa daga Tsafe har Bungudu. Sama da kowa, ya bar Hajiya Rakiya, wadda ita kaɗai ce cikin makaɗansa muka san inda take.

Game da jana'iza, na tuntuɓi limamin unguwarmu, ya ce ba a yi wa roba salla, kuma na yarda da shi. Za a naɗe marigayin a sabon hankici a ajiye shi cikin kwallar kayan auren Hajiya, bisa buƙatarta. Za a yi zaman tunawa ranar Asabar bayan la'asar a gidana da ke Tudun Wada, Gusau. Maza za su zauna a zaure. Rufaida za ta kunna gefe na biyu a waya, a minti na goma sha biyu ta tsayar, Hajiya ta cike gurbin daga tsakar gida da turmin nan dai, wanda har yanzu yana nan. Zakara ne ba mu yi alkawari ba. Furar da aka daka ita za a sha, kowa ya zo da ludayinsa. Wanda bai taɓa jin irin wannan kiɗa ba, ranar ce ranar farawarsa.

Washegari Lahadi da hantsi motata za ta je Tsafe ta dawo, ba haya ba, waya na kiɗa tun daga gefen farko. Hajiya ce ta nema. Ta ce shekara talatin da shida tana tashi kafin turmi, tana so ta ji abin da ke biyo bayansa. An tanadar mata kujerar gaba. Alhaji Jibril ya ce shi zai zauna a baya.