Rasuwar 'Yar Tulu, Tukunyar Gashina, a Erdington

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Ubaidullah Sani na Longsight, Manchester, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tukunyar gashina, wadda aka fi sani da 'Yar Tulu. Ta rasu ranar Lahadi, uku ga Babbar Sallah, da misalin ƙarfe biyar da kwata na yamma, a bayan gidan Malam Jibrilu da ke Erdington, Birmingham. Wata uku da kwana tara ta yi a hannuna.

Ga waɗanda ba su samu ganinta da rai ba, irin tukunyar gashin nan ce ta yumɓu, samfurin Japan, da ake kira kamado. Ita ce ƙarama a danginsu, ja, mai siffar ƙwai, da murfi mai nauyi. Tana da ƙofar iska biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakar ka, da agogon zafi a goshi. Tsayinta bai wuce gwiwata ba, amma ba a ɗaga ta sai da bismillah.

Ba kwaɗayi ne ya sa na kawo ta gidana ba. Ana saura mako biyu azumi na je gaishe da mahaifin Yusra karo na farko. Yusra ita ce wadda nake fatan aure, kuma duk wanda ya zauna da ni na minti biyar ya riga ya sani. Mahaifinta, Malam Jibrilu, ya yi shekara ashirin yana gasa tsire a zangon Kumasi kafin ya zo Birmingham ya kama tuƙin bas. Ya amsa gaisuwata, ya dubi hannuwana, ya tambayi sana'ata. Na ce ina aiki a laburare, ina kuma ɗan taɓa rubutu. Ya ce, "To, Malam Marubuci. Ka taɓa hura wuta?" Na ce muna da gas a gida. Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ba dariyar mugunta ba ce, amma ta bi ni har cikin jirgin ƙasa, kuma kafin mu iso Manchester na riga na ƙudurta cewa wata rana mutumin nan zai ci naman da na gasa da hannuna.

Marigayiya ta same ni jahili, ba ta kuma taɓa goranta mini ba. Littafi uku na karanta a kanta kafin na kunna ashana, amma ita ta koya mini abin da ya zauna. Ba ta shan kananzir ko wani man kunna wuta, domin yumɓu yana riƙe wari, abin da ya sha yau nama zai ji shi baɗi. Gawayin itace zalla take ci. Wutarta ta farko ƙarama ce, babu nama babu komai, don jikinta ya saba a hankali. Na zauna gabanta awa biyu a tsakar gidan da bai fi tabarma uku ba, ina kallon allurar goshinta tana hawa kamar mai hawa bene da ciwon gwiwa.

Kazar farko da muka gasa tare ta fito baƙa a waje, ja a ciki. Ta biyu ta yi ɗaci, saboda ban jira farin hayaƙi ya wuce ba na ɗora ta. A karo na uku na fizge murfin gaba ɗaya tana tsakiyar zafi, iska ta afka ciki, harshen wuta ya taso ya tafi da rabin girata ta hagu. Maƙwabciyata Chloe ta leƙo ta saman shinge ta ce, "Ubay, love, is it meant to do that?" Wai ko haka ya kamata ta yi. Na ce mata eh, haka ake yi. Daga ranar na koyi ɗaga murfin kaɗan, sau biyu, ta numfasa, kafin na buɗe. Na koyi cewa faɗin yatsa ɗaya a ƙofar ƙasa ya isa a dafa cinyar rago a hankali, faɗin yatsa uku kuwa na tsire ne. Na koyi sa faifan dutse tsakanin garwashi da nama idan ana son laushi. Sau da yawa ruwan Manchester ya same mu a waje, kuma Allah ne shaida, ita nake riƙe wa lema.

Mace ce mai kawaici. Ɗan gawayin da bai cika kwano biyu ba takan riƙe shi tun hantsi har la'asar. Ba ta da yawan magana. Idan an buɗe mata ƙofar ƙasa takan ce fuuu, a hankali, kamar mai hura wa jariri koko. Idan gawayi ya kama sai ka ji ƙis, ƙis daga cikinta. Murfinta kuma idan ya sauka yakan ce dif. Ban san wani sauti da ya fi wannan kwantar mini da hankali ba a ƙasar nan.

Rashin lafiyarta gajere ne, kuma dole in faɗe shi yadda ya faru, domin an fara ba da labarin ta fuskoki daban-daban.

Ranar Lahadin na ari motar Kawu Yusha'u, ƙanin mahaifina da ke Gorton. Na naɗe ta da bargo, na ɗaura mata bel a kujerar gaba, muka bi babbar hanyar M6. Naman layyar gidan Malam Jibrilu ya iso daga wurin mahauci ranar Asabar, Yusra kuma ta roƙa mini alfarmar a ba ni cinya ɗaya. Baba, wato Malam Jibrilu, ya fito da kujerarsa ya zauna, tare da abokansa biyar na masallaci. Da ya ga na rufe murfi ya ce, "Nama a lulluɓe kamar mai zazzaɓi? Mu wuta ido da ido muke kallonta." Aka yi dariya. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na buɗe baki. Na yi wa mutumin da ya shekara ashirin a bakin wuta bayanin yadda iska ke shiga da yadda take fita. Na yi masa bayanin yumɓu, da dutse, da agogo, da tarihin tukwanen Japan. Ya saurare ni da haƙurin da ban cancanta ba.

Bayan awa huɗu na ɗaga murfi. Ya sa yatsa biyu, naman ya rabu da ƙashi ba tare da wuƙa ba. Ya ci. Ya ƙara. Sannan ya juya wajen ƙofar kicin ya kira matarsa, "Wasila, a kawo wa yaron nan faranti, tun kafin azahar yake tsaye." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, yajinka ya yi kaɗan. Amma wutarka ta yi." Ɗana ya ce. Mutum biyar sun ji. Yusra tana tagar kicin, ta sa hannu ta rufe baki, kuma da a ce an ɗauki raina a wannan minti da ban yi ƙorafi ba.

Sai na buɗe ƙofofin iska duka biyu don in gasa sauran tsiren da zafi mai ƙarfi. Allura ta haura digiri ɗari uku da hamsin. Da na kwashe tsiren na shiga ciki wanke hannu, na bar murfin a buɗe. Ban fi minti uku ba.

Da na fito na tarar da Baba tsaye a kanta da buta. Ya ga gawayi mai kyau yana cinye kansa babu nama a kai, ya yi abin da kowane mai tsire yake yi idan an tashi kasuwa, abin da kakata take yi a Kano duk yamma: a yayyafa wa garwashi ruwa, a shanya, gobe a sake hurawa. Taimakona yake yi. Dattijo irinsa ba ya tashi daga kujera don wutar baƙo. Ruwan famfo ne mai sanyi. Marigayiya ta ce tsss, tururi ya tashi. Sannan ta ce ƙas, sau ɗaya, kamar an karya busasshen kara. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Tsaga ta taso daga leɓenta har gindi, kaskon gawayin da ke cikinta ya rabu uku.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa na kwana shida ban iya rubuta wannan sanarwa ba. Na ruga. Na ɗaga murya, da Turanci, a gidansa, a gaban abokansa: "Don't! What are you doing?" Na fizge butar daga hannunsa. Sauran ruwan ya zube a gaban rigarsa ta Sallah. Ya dubi hannunsa da babu komai a ciki, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Yi haƙuri, Malam. Gawayin na ga yana ƙonewa a banza." Ya shiga gida. Da na ɗaga kai wajen taga, an saki labule.

Ina so jama'a su sani cewa babu laifin Malam Jibrilu ko na ƙwayar gero. Irin wannan tukunya ba a kashe ta da ruwa. Rufe murfi ake yi, a toshe ƙofofin iska biyu, wutar ta mutu da kanta, gawayin da ya rage ya kwana lafiya har gobe. A duk halayenta wannan ne zai fi burge shi, kuma shi kaɗai ne ban faɗa masa ba a cikin awa huɗun da na yi ina surutu. Na bar ta a buɗe, na bar shi bai sani ba, sannan na yi masa tsawa.

Tun ranar, saƙo ɗaya Yusra ta aiko mini: "Ba ni za ka ba haƙuri ba." Na rubuta mata shafi huɗu, ta karanta, ba ta amsa ba. Da na mayar wa Kawu Yusha'u motarsa na ba shi labari, ya cire tabarau ya ce, "Kai Ubaidu, tukunya ka je nema ko yarinya? Ka fizge abu a hannun surukinka? Ko ubanka da ya haife ka ka taɓa fizge masa cokali?"

Marigayiya ta rasu ta bar awartakin juya nama, da ƙarfen kwasar toka, da rigar ruwanta da ke rataye a bayan ƙofa har yanzu da siffar jikinta. Ta bar faifan dutsen nan, wanda ya tsira babu ko ƙwarzane. Ta bar kyanwar Chloe, wadda ke zuwa kowace yamma ta zauna inda ɗumi yake a da. Ta bar ɗan gawayin da aka kashe a ranar, wanda na baro a Erdington don ban iya komawa na kwashe ba. Matar Kawu ta ji daga bakin Mama Wasilatu cewa Baba ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya ya shanya a kan jarida a ɗakin ajiya, bai kuma yarda kowa ya taɓa ba. Ban san ma'anar wannan ba. Na juya shi ta kowace fuska, wani lokaci ya ba ni fata, wani lokaci ya hana ni cin abinci.

Ta kuma bar ni.

Gawar tana garejin Kawu Yusha'u a Gorton, cikin bargon da ta yi tafiyarta ta ƙarshe. Gobe Lahadi da ƙarfe goma na safe za a kai ta wurin zubar da kaya na ƙaramar hukuma, sashen fasassun bulo da tangaran, inda za a sauke ta a hankali, ba jifa ba. Ba a buƙatar rakiya. Ba za a yi zaman makoki ba, kuma ina roƙon abokaina su daina turo mini hotunan wasu tukwanen.

Daga can ni da Kawu za mu wuce Erdington, mu isa bayan azahar in Allah ya yarda. Na roƙi a sanar da dattawan nan biyar, domin a gabansu na yi, a gabansu ya kamata in durƙusa. Kawu ne zai yi magana. Ya sa na yi masa alkawari ba zan buɗe baki ba sai an tambaye ni, ba zan kuma zo da takarda ba. Duk wanda ke sallah sahu ɗaya da Malam Jibrilu, idan yana son yi mini ta'aziyya, kada ya kira ni, ya sa mini baki a wurinsa.

Har zuwa lokacin da nake rubuta wannan ba a ce mana mu zo ba, ba a kuma ce kada mu zo ba. Kawu ya ce ƙarfe sha ɗaya zai tayar da mota, ko an amsa ko ba a amsa ba.

Ubaidullah Sani
Longsight, Manchester